Ranar da Jatau Ya Fasa Ƙanƙara

A ƙauyen Tudun Aduwa, can gaba da Cadakori, ba a taɓa zaman hira aka tashi ba tare da Jatau ya kai mutane Ikko ya dawo da su ba. Ci-rani ɗaya ya yi a can yana saurayi, amma a bakinsa ci-ranin nan har yau bai ƙare ba. In an yi ruwa, na Ikko ya fi shi. In mota ta wuce da gudu, a Ikko wannan rarrafe take. Abin da ya fi taƙama da shi kuwa shi ne Turancin Ingilishi. Mutanen garin in ma sun ji Turanci to Faransancin lakol ne, wato makarantar boko, saboda haka babu mai ƙure shi. Yakan tsaya gaban teburin mai shayi ya zubo wasu kalmomi ta hanci, ya gyara baƙin gilashinsa, ya ce ba zai fassara ba don maganar ta yi wa jama'a nauyi.

Mutum ɗaya ne bai taɓa yarda da shi ba, shi ne Tala, taubashinsa, mai facin taya a bakin hanya. Shi kullum cewa yake Turancin Jatau rijiya ce mai faɗin baki, amma ba a taɓa ganin wanda ya ja guga a cikinta ya sha ba.

Shekarar da abin ya faru, ƙungiyar manoman garin tana cikin tsaka mai wuya. Wake ne cike da mangazarsu, wato ɗakin ajiyar ƙungiyar, buhu kan buhu, ga babbar mai sayensa, wata Alhaja Sikiratu ta Ibadan, ta yi fushi da su. Ba su taɓa ganinta ba, wani dillali ne ke shiga tsakani. Bara dillalin ya yayyafa wa buhunan ruwa a hanya don su ƙara nauyi, waken ya isa Ibadan ya yi fumfuna, ya ce ai manoman ne suka yi haka, sa'an nan ya ɓace. Tun daga nan Alhaja ta yi shiru. Ga bazara ta kankama, damina na tafe, kowa na son iri da taki, wake kuwa na zaune yana jiran ƙwari.

Ana cikin haka sai saƙon murya ya shigo wayar Alhaji Ishaku, shugaban ƙungiyar. Ya kunna a gindin aduwar da ake zama, aka ji muryar saurayi tana zuba Ingilishi. Ba wanda ya tsinci komai sai sunan Alhaja Sikiratu. Nan da nan aka ce a kira Jatau.

Jatau ya zo yana taku ɗai-ɗai. Ya karɓi wayar, ya kara a kunne. Wannan Turanci ba irin na tashar mota ba ne, gudu yake kamar an koro shi. Ya ce a sake kunnawa, iska ta yi yawa. Aka sake. Ya ce jakin maƙwabta ya yi kuka a daidai wurin da ya fi muhimmanci. Aka sake. Da ƙyar ya kamo cewa mai maganar Surajo ne, ɗan Alhaja, kuma za su zo ranar Asabar. Sai kuma wata magana da saurayin ya maimaita yana ɗan dariya: “break the ice.”

Nan Jatau ya ji sanyi a ransa, don waɗannan kalmomi ya san su. Ta ƙarshen ƙanƙara ce, ya sha ɗaukar ta a ka yana kai wa masu kifi. Ta farkon kuwa fasawa ce, ya ji ta har ta ishe shi ranar da ya saki tiren tangaran a wani gidan abinci, ita ce ma ta raba shi da aikin.

Ya miƙa wayar, ya yi gyaran murya, ya shaida wa dattawa cewa Alhaja tana nan tafe ranar Asabar, amma da sharaɗi: ba za ta buɗe baki a kan ciniki ba sai an fasa ƙanƙara a gabanta. Ya ce al'ada ce ta manyan 'yan kasuwar kudu, shi kansa ya halarci irin wannan biki ba adadi, har ya taɓa riƙe gudumar. Girman ƙanƙara shi ne girman da aka ba baƙo. In aka kawo ƙarama, an zage ta ke nan.

Alhaji Ishaku ya shafa gemu, ya ce ko a jira mushe Sharifu, malamin lakol, ya dawo daga Tibiri shi ma ya saurara.

“Alhaji, Faransa daban, Ingila daban,” in ji Jatau. “Ka taɓa kai ciwon haƙori wurin mai facin taya?”

“Ni dai abin da na faci yana riƙe iska,” in ji Tala daga gefe. “Kai naka bakin tun da ka dawo yake sacewa.”

Aka yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Kowa na tsoron a sake ɓata wa Alhaja rai. Aka yanke shawara a sayo ƙanƙara daga Maraɗi, kuma tun da Jatau ne ya san kanta, shi zai tafi.

Da ya koma gida ya tarar labari ya riga shi. Matarsa Tchima tana tankaɗe, ba ta ɗago ba ta tambaye shi ko ita Alhajan da zazzaɓi take tafe da za a nema mata ƙanƙara. Ya ce wannan harka ce ta ƙasa da ƙasa, ba ta madafa ba. Ta ce to, Allah ya sa ƙasashen su rabu lafiya.

Washegari ya ari moton Alhaji, wato babur ɗinsa, ya sa farin yadinsa na Salla, ya nufi Maraɗi. Ya ce gara a sayo da wuri, mutanen gari su saba da ganinta kada su yi ƙauyanci a gaban baƙi. Ya zaɓi sanda guda ta ƙanƙara, doguwa kamar turmi. Mai sayarwa ya ba shi shawara ya binne ta a garin katako cikin buhun garara. Jatau ya dube shi ta saman gilashi, ya ce tun ba a haife shi ba yake hulɗa da ƙanƙara. Ya sayi baƙar leda ya naɗe ta, bisa hujjar cewa baƙin abu ke tare rana, ga gilashinsa nan shaida. Ya ɗaure ta a bayan sirdi, ya kama hanya da tsakar rana.

Da zai wuce kai tsaye, da wataƙila wani abu ya isa gida. Amma a Tibiri ya hangi wasu abokansa a rumfar mai nama, kuma a ganinsa bai dace mutum ya ɗauko irin wannan aiki ya wuce bai yi bayani ba. Ya jingine moto a rana ya yi bayani. Kafin ya gama, leda ta taɓa salansar moton mai zafi ta huje. Da ya hau, ruwa ya riƙa bin sirdi yana shiga ƙarƙashinsa, shi kuwa yana jin sanyi-sanyi yana cewa a ransa lallai ƙanƙarar nan mai kyau ce.

A shingen hanya wani jandarma ya tsayar da shi. Ya dubi fuskar Jatau, ya dubi wandon, ya dubi ɗigon da ke sauka ƙasa. Bai ko buɗe takardun ba ya mayar masa, ya rage murya ya ce akwai likita a Cadakori, kada ya ji kunya, abin yakan samu manya. Jatau ya yi godiya, ya wuce yana mamakin kirkin mutumin.

Sai da ya sauka a gindin aduwa ya ga matan da ke dawowa daga rijiya suna rufe baki da gyale, sa'an nan ya waiwaya ya ga bayansa. Aka kwance leda, aka samu ƙanƙara kamar sabulun wanka da aka kusa cinyewa. Tala ya ɗauka ya jefa a baki, ya tambaya ko manyan kudu su ma da jiƙaƙƙen wando suke halartar bikin.

Jatau ya ce wannan gwaji ne, yanzu ya gane yanayin hanya.

A daren ya yi tunani, ya tuna yadda masu kifi a Ikko ke barbaɗa gishiri kada kifi ya lalace. Abin da ya hana kifi lalacewa, me zai hana ya tsare ƙanƙara? Tun da Alhaji ya ce motonsa ba zai sake shan ruwa ba, Jatau ya ɗaura jakinsa a amalanke ya bar shi a Cadakori, ya shiga motar kasuwa. Ya dawo da sanda biyu. A tasha ya sayi gishiri tiya guda ya zazzage a kansu, ya naɗe su da bargon Tchima, wanda ya fita da shi da asuba ba ta sani ba.

Hanyar Tudun Aduwa rairayi ce, kuma tana bi ta kusa da mashayar da makiyaya ke shayar da dabbobi. Tun kafin a kai can ruwan gishiri ya fara tsiyaya ta ƙarƙashin amalanke. Wata saniya ta sunkuya ta lashi ƙasa, ta ɗaga kai, ta biyo. Wata ta biyo ta. Jatau yana gaba yana gwada jawabin da zai yi ranar Asabar, da ya waiwaya sai ya ga garke guda a bayansa, harsuna waje. Ya yi musu tsawa da Hausa, ba su ji ba. Ya yi da Ingilishi, suka ƙara matsowa. Ɗaya ta cafki gefen bargo tana taunawa, wani bajimi ya sa ƙaho ƙarƙashin amalanke ya ɗaga. Jaki ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya zabura. Jatau ya wuntsila ya faɗi a rairayi, ƙanƙara ta biyo shi.

Rigarsa ta sha ruwan gishiri, don haka shanun ba su bambanta shi da kayansa ba. Yana kwance yana kare fuska suna lasarsa, wannan ta ƙeya, wannan ta hammata. Mai shanun, wani Bafillace Dikko, ya iso ya dogara a sandarsa ya ƙare wa abin kallo, sa'an nan ya kore su a hankali. Ya ce Allah ya saka da alheri, sun daɗe ba su samu gishiri ba. Ya kuma tambaya ko gobe ma ta nan zai biyo, don akwai wasu a ruga da ba su samu ba.

Jaki ya riga shi isa gida. Jatau ya shigo da la'asar, gashin kansa a miƙe, rabin bargo a kafaɗa. Tchima ta karɓa ta ɗaga, ta leƙo shi ta ɗaya daga cikin hujojin.

“Baban Nusaiba, wannan bargon uwata ta saya mini.”

“Za a saya miki wanda ya fi shi in an gama ciniki.”

“Su ƙasashen ne suka cinye rabin?”

Jatau ya shiga wanka, ya daɗe bai fito ba.

Gari ya fara gunaguni. Wasu suka ce a haƙura da ƙanƙarar nan, a yanka wa baƙuwa rago kamar yadda aka saba. Jatau ya ce su yi, amma in ta juya motarta kada kowa ya zo ƙofar gidansa. Wannan ya rufe bakin kowa. Ranar Juma'a ya koma Maraɗi, ya haɗiye girman kai ya yi abin da mai ƙanƙara ya faɗa tun farko: garin katako, buhun garara, buhu cikin buhu. Ya biyo ta wata hanya mai nisa da mashaya. Da yamma ya shigo gari a tsaye bisa amalanke, ƙanƙara guda ƙatuwa, ko kusurwa ba ta rasa ba. Ya ce wata dabara ce ta Turawan jirgin ruwa da ya tuna. Mutane suka taru suna taɓawa suna janye hannu. Ko Tala bai samu abin cewa ba, kuma shirun Tala ya fi wa Jatau daɗi bisa duk yabon da aka yi masa.

Saura wurin kwana. Ya karɓi mabuɗin mangaza wurin Alhaji, don katangarta mai kauri ce, ta fi ko'ina sanyi. Bayan magariba, da mutane suka watse, ya dube ta ya ga garin katako ya ɓata mata jiki. Ina za a kai wa babbar baƙuwa ƙanƙara mai datti? Ya kakkaɓe, ya wanke ta tas har tana ƙyalli. Ya ga in ya bar ta a ƙasa zafin ƙasa zai sha ta, sai ya yi ta nishi ya ɗora ta can bisa tsibin buhunan wake, ya kulle ƙofa, ya tafi ya yi barci mai daɗi.

Da safe ya je da baro shi kaɗai. Yana buɗe ƙofa ya ji wani wari kamar na gidan mai ƙosai. Ƙanƙara ta koma kamar kabewa, sauran kuwa ta bi buhuna ta sauka tun daga sama har ƙasa. Ya tsaya yana kallo. Sai ya ce a ransa ai bazara ce, kafin azahar ya bushe. Ya ɗauki abin da ya rage, ya ja ƙofa, ya sa mabuɗi a aljihu.

Da hantsi baƙi suka iso. An share gindin aduwa, an shimfiɗa tabarmi, an jera ƙoren fura a kan teburin da aka aro daga lakol. A tsakiyar teburin ga ƙanƙara a kan faranti, ga taɓaryar Tchima an ɗaura mata jan ƙyalle. Alhaja Sikiratu ta fito daga mota, mace mai jiki, ɗaurin kallabinta kamar ya taɓo reshe, fuskar nan babu alamar wasa. Surajo na biye da ita da waya a hannu.

Jatau ya sha gaban kowa. Ya ɗan rusuna ya ce, “Welcome, Madam. Good morning. No parking.” Ya juyo ya gaya wa jama'a cewa ya yi mata barka da zuwa irin ta sarakuna. Alhaja ta dube shi, ba ta ce uffan ba, ta zauna.

Ya ɗauko taɓarya da hannu biyu ya miƙa mata. Ta dubi taɓarya, ta dubi ɗanta. Jatau ya sanar cewa ta ba shi girma, ta ce shi ya fara. Ya naɗe hannun riga, ya ɗaga taɓarya sama, ya yi bisimilla, ya sauke.

Ƙanƙarar da ta kwana tana narkewa santsi gare ta kamar kifi. Taɓarya ta same ta a gefe, ta fice daga faranti kamar an harba ta, ta daki ƙaurin Alhaji Ishaku. Alhaji ya riƙe ƙafa yana salati ƙasa-ƙasa don kada baƙi su ji. Jatau ya bi ta da gudu, ya rungumo ta, ta suɓuce, ya sake rungumowa, ya mayar kan tebur. A karo na biyu ya tattara duk ƙarfinsa, ya rufe ido. Ƙanƙara ta goce, taɓarya ta sauka a kan teburin lakol, ƙafarsa ɗaya ta karye. Ƙoren fura suka gangaro a jere, suka juye a kan takalman Surajo.

Babu wanda ya yi dariya. Alhaja ta miƙe, ta yi wa ɗanta magana a taƙaice, shi kuma ya nuna mangaza ya kwatanta buhu da hannu. Wannan ba ya bukatar tafinta. Alhaji ya ɗingisa ya karɓi mabuɗi daga hannun Jatau, wanda ya riƙe shi kamar ba zai saki ba.

Aka buɗe ƙofa, wari ya tarye su. Layin buhunan tsakiya ya jiƙe sharkaf, wake ya kumbura har wani buhu ya yage a ɗinki. Alhaja ta sa hannu ta damƙo, ta matse, ruwa ya fito ta tsakanin yatsunta. Alhaji Ishaku ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Abin da aka zarge su da shi bara, ga shi yau a gaban idonta, a cikin mangazarsu.

Ta juyo wurin Jatau ta yi masa tambaya da Ingilishi, a hankali. Abin da ta tambaya shi ne ko shi ya jiƙa waken. Jatau bai kama ko kalma ɗaya ba, sai ya yi abin da ya saba yi a Ikko in magana ta fi ƙarfinsa. Ya washe baki ya ce, “Yes, Madam.” Ta tambaya ko don ya ƙara nauyi ne. Ya ce, “Yes, Madam.” Ta tambaya ko bara ma su ne suka yi. Ya ƙara rusunawa ya ce, “Yes, Madam. Thank you.” Sa'an nan ya juya ya gaya wa Alhaji cewa tana yaba girman ƙwayar waken.

Alhaja ta yarfe hannu ta nufi mota.

Tala ne ya kasa haƙuri. Wakensa na cikin tsibin nan, na gonar da ya nome shi kaɗai. Ya sha gaban Jatau, wannan karon babu wasa a muryarsa, ya ce, “Kai Jatau, faɗa mini tsakaninka da Allah. Ina ka kwanar da ƙanƙarar nan jiya?”

Jatau ya dubi ƙasa. Ya ɗaga yatsa ya nuna saman buhuna.

Alhaja ta tsaya da hannunta a ƙofar mota. Ta juyo ta ce, da Hausa garau wadda ko a kasuwar Tibiri ba za a ce baƙuwa ce ba, “Wai ni wace ƙanƙara ce wannan da kuke ta fama da ita tun da na zo?”

Ashe a Gusau aka haife ta, a can ta girma. Ta yi shiru ne don ta ji abin da za su faɗa a tsakaninsu in sun ɗauka ba ta ji.

Alhaji Ishaku ya kwashe labari ya gaya mata, tun daga saƙon murya. Inda ya tsallake don kunya, Tala ya cike. Ta daure fuska a kan baƙar leda. Ta daure a kan jandarma, ko da yake leɓenta ya motsa. Da aka zo kan shanun Dikko suna lasar tafinta, sai ta nemi kujera ta zauna, ta riƙe ciki, kallabin nan yana rawa, hawaye na zuba. Ta fassara wa Surajo, shi ma ya manta da takalmansa.

Da ta samu numfashi ta ce ai magana ce kawai irin ta masu Ingilishi. In mutane sun haɗu ba su saba ba, ko akwai 'yar tsama a tsakaninsu, kowa ya ɗaure fuska, to duk abin da aka fara yi don fuska ta saki, ko gaisuwa, ko raha, ko ɗan abin taɓawa, shi suke kira fasa ƙanƙara. Yaron cewa ya yi a fara zama a gaisa, a wanke zukata a kan abin da ya faru bara, kafin a taɓa maganar ciniki.

Alhaji ya sa hannu a aljihu ya fito da goro guda fari, ya dube shi, ya dubi Jatau.

“Ashe wannan ne,” ya ce. “Tun ranar da saƙon ya zo yana aljihuna.”

Ya ɓare goron ya miƙa mata rabi. Tana karɓa ta lura da zanen da ke kumatunsa, ta tafa hannu ta ce ashe Gobirawa ne, bayin Yarabawa, da ta sani da ba ta yi mamaki ba. Alhaji ya ce baiwa dai ita ce ta taso tun daga Ibadan ta zo gaishe da iyayen gijinta. Daga nan wasan da ke tsakanin ƙabilun biyu ya ɓarke, dattawa suka sa baki, aka yi ta musayar baƙar magana ana dariya. Cikin wannan raha aka warware maganar dillalin bara.

Amma raha ba ta hana Alhaja aikinta ba. Ta sa aka fito da buhunan ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai ta zura hannu har gwiwar hannu. Busassun ta saye duka, ta ce daga yau babu dillali, kuma duk saƙon da za ta aiko da bakinta za ta yi shi, da Hausa. Jiƙaƙƙun ta ce ko kyauta ba ta so. Dattawa ba su ɓata lokaci ba: Jatau ya kwashe su ya kai gidansa, ya biya masu su da busasshe daga rumbunsa.

Da motar ta tashi, Jatau ya ɗan farfaɗo. Ya ce in an duba da kyau, wa ya sa ta dariya? Alhaji ya ɗingisa ya wuce, ya ce kada ya manta da teburin lakol kafin mushe ya dawo.

Waken da ya kumbura ba ya ajiyuwa. A ranar Tchima ta tara maƙwabta, aka surfa, aka kai inji, aka kafa kasko uku a tsakar gida. Har yamma ana suya, ana rabawa gida-gida, har ruga aka aika wa Dikko. Rumbun Jatau ya yi ƙasa, amma ganin mutane na shiga suna fita da kwanuka sai kansa ya fara dawowa daidai. Ya sa gilashinsa, ya tsaya kusa da kaskon matarsa yana nuna wa kowa inda zai tsaya. Ya fara bayani cewa a Ikko ma haka ake rufe babban taro in an yi nasara, da rabon abinci, kuma akwai sunan da Turawa ke kiran wannan.

Tala, da ke tsugune a bakin zaure da ƙosai a hannu, ya ce to mene ne sunan.

Jatau ya gyara tsayuwa, ya ɗaga yatsa, ya buɗe baki. Tchima ta tsamo ƙosai guda daga cikin mai, ta hura shi sau ɗaya, ta cusa masa.

“Baban Nusaiba,” ta ce, “fassara wannan tukuna.”